Yatsun Malam Sabo

Haruffan da ke kan kibod ɗin Malam Sabo sun daɗe da gogewa. Maɓallan sun yi sumul kamar 'ya'yan carbi, shi kuma bai damu ba, don ba ya kallonsu. Fuskar kwamfutar ma ba ya kallo. Idonsa yana kan takardar gwajin jini, yatsunsa suna tafiya su kaɗai: suna, lambar kati, rukunin jini. Ya danna F10, bayanin ya shiga ma'ajiya. Ya bugi Esc sau biyu, shafin ya goge, sabo ya buɗe. Bugu ɗaya ya isa, amma maɓallin ya taɓa yin tauri shekarun baya, hannu ya saba.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tudun Wada. Manhajar da yake shigar da bayanan tsohuwa ce, baƙin shafi da koren rubutu, tana zaune a babbar na'ura a ofishin mai asibitin, Dakta Edward. Kwamfutar Malam Sabo taga ce kawai da yake leƙa ta.

Wata Talata Injiniya Sharfaddeen, wanda aka ba kwangilar sabunta kwamfutocin, ya zo da kwalaye. Ya ɗauke tsohuwar kwamfutar Malam Sabo, ya dasa sabuwa.

"Baba, ga sabon kibod."

"Bar mini nawa, Injiniya. Mun san juna."

"To, ka riƙe kayan tarihinka. Manhajarka ban taɓa ta ba, tagar kawai na sake."

Laraba, Alhamis, da safiyar Juma'a, Malam Sabo ya yi aiki yadda ya saba. Takarda ɗari da goma sha ɗaya ya shigar, ya jera su a kabad, ya kulle, ya tafi masallaci da makullin a aljihu.

Yana dawowa ya tarar da mutane cike da baranda. An kawo wata mai naƙuda, Bahijja daga Tudun Jukun, jini ya ɓalle mata. Sista Suzana, shugabar ma'aikatan jinya, ta nemi rukunin jininta a kwamfuta, babu, alhali ranar Laraba aka gwada ta. Takardar tana cikin kabad. Sai da aka sake gwaji, minti arba'in, kafin a ɗaura mata jini. Ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma mijinta ya yi ihun da aka jiyo har bakin titi.

Malam Sabo ya zauna, ya shigar da takarda ɗaya, wannan karon yana kallo. Ya danna F10. Bayanin bai shiga ba. Wani farin jerin rubutu ne ya sauko daga saman tagar. Ya bugi Esc, jerin ya ɓace. Kafin ya tsayar da yatsansa ya sake bugawa, shafin ya goge fes. Haka ya yi sau ɗari da goma sha ɗaya.

Ranar Asabar aka kira shi ofis. Injiniya yana zaune da ƙaramar kwamfutarsa a cinya.

"Ranka ya daɗe, maɓallin ne ya daina zuwa inda yake zuwa," in ji Malam Sabo. "Sabuwar tagar ce take tare shi a hanya."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, maɓalli ba ɗan aike ba ne da za a tare shi a mararrabar Kwangila. Dakta, duba nan." Ya shiga manhajar daga tasa kwamfutar, ya rubuta suna, ya danna F10. Bayanin ya shiga.

"Wannan taka ce. A zo a gwada tawa. Taku ashirin ne daga nan."

"Kibod ɗinka ne na da, ko ba haka ba? Kai ka ce a bar maka. Manhaja ita ce ta da. To mene ne ya sake? Kibod babu ko harafi ɗaya a jikinsa, mutum ya haura sittin, ina mamaki don yatsa ya zame?"

"Yatsana bai taɓa zamewa ba."

Dakta Edward ya cire tabarau ya murza idonsa. Bai tashi ba. "Malam Sabo, tun mahaifina yana da rai kake nan, ba zan wulaƙanta ka ba. Amma jiya saura kaɗan mu fitar da gawa biyu. Ka je ka huta."

"Hutun kwana nawa, Dakta?"

Sista Suzana ta sunkuyar da kai.

Ranar Litinin ya dawo ɗaukar butarsa da dardumarsa. A kujerarsa akwai wata matashiya, Naja'atu, sabuwar ma'aikaciya, da sabon kibod mai haruffa farare tas. Nasa yana cikin kwali a gindin ƙofa. Injiniya yana tsaye a kanta, ita ta kira shi.

"Kalli, Injiniya. Ina danna F10 sai wannan abu ya sauko. Ba ya ajiyewa."

Injiniya ya jawo maus, ya buɗe saitin tagar, ya cire wata 'yar alama daga wani ɗan akwati. "Gwada yanzu."

Ta danna. Bayanin ya shiga.

"Ai ba wani abu ba ne. Sababbin tagogin haka suke zuwa, suna riƙe F10 don nasu amfanin." Sai ya juyo, ya ga wanda ke tsaye a ƙofa da buta a hannu. Ya laluba aljihu, ya kara waya a kunne, ya raɓa ta gefensa ya fita. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Malam Sabo ya tari Dakta a baranda, ya gaya masa abin da ya gani. Ya kira Naja'atu ta shaida, ta shaida.

Dakta ya juya wajen Naja'atu. Sannan ya tambaye ta, "Ke cikin minti nawa kika gane?"

"Takardar farko, Dakta."

"Ka ji, Malam. Ita takardar farko. Kai kwana uku."

"Shekara goma sha tara ban buƙaci in kalla ba."

"Na sani. Har baƙi nake kawowa su ga yadda kake yi." Ya duba agogo. "Zan yi wa Injiniya magana. Ka gaida gida."

Bai ce masa ya dawo aiki ba.

Malam Sabo ya naɗe dardumar. Ya tsaya a kan kwalin, ya daɗe yana kallon kibod ɗin, wayar da ke jikinsa a nannaɗe. Naja'atu ta ce, "Baba, ka ɗauka mana, ai zubarwa za a yi." Ya girgiza kai.

A bakin titi ya tsayar da keke mai ƙafa uku da ke zuwa Dutsen Abba, ya matsa cikin mutane, butar a tsakanin ƙafafunsa. Sun wuce kasuwa kafin ya lura da hannunsa a kan gwiwa. Yatsa ɗaya ya danna sau ɗaya. Ɗaya kuma ya buga sau biyu.

Ya ɗora ɗaya hannun ya danne su.