Hayaƙin Gidan Burul Apa

Jipar ta zagaya bayan tarin ingirici da ludayi a hannu, sai ta yi turus. Ga 'yarta Akilai, wadda ta bari a tebur da lissafin rabawa guda goma sha biyu, ta durƙusa ta fuskanci bangon garke, hannaye a ƙugu, tana rangaji tana rera wani abu da muryar tsofaffi.

"Uwata mai farin ɗankwali, wa zai hura wutarki da safe..."

"Akilai!"

Yarinyar ta zabura har ta buge goshi da bango.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, apa." Haka ake kiran uwa a can, da duk wata babbar mace.

"To kukan wa kike yi?"

"Na Burul apa." Ta sunkuyar da kai. "Ita ta ce in riƙa bita kada in manta."

Jipar ta gane waƙar. Koshok ne, waƙar makokin da 'ya mace ke yi wa uwarta idan an shimfiɗe ta a tanti, tana lissafo rayuwarta a gaban jama'a. Ita kuwa wadda ake wa kukan tana can tsallaken shinge da ranta da lafiyarta, ana ma jiyo ta tana zagin kaji.

Gidaje biyu ne kacal a bakin kwarin, nasu da na Burul. Ƙauye tafiyar awa uku ne a kan doki, kuma da zarar ƙanƙara ta sauko hanya ta rufe, shi ya sa yaran irin waɗannan gidaje ake kai su wurin dangi su zauna don makaranta. Jipar ta ce ita kam sam. Shekara huɗu ta yi tana koyarwa a birnin Karakol kafin ta auri Mederbek, ba za ta ba da 'yarta ɗaya tilo riƙo ba alhali tana da allo da alli. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: kowane farkon Satumba a kai yarinyar makarantar ƙauye a gwada ta, in ta faɗi, to zancen karatun gida ya ƙare. Bana saura kwana goma.

Jipar mace ce mai son tsari, har jadawali ta manna a jikin ƙofa. Amma duk da agogon da ke hannunta, ƙararrawar makarantar tata hayaƙin gidan Burul ce. Da ya tashi sai a kwashe kofunan shayi a buɗe littafi. Da rana kuma Akilai takan kai wa tsohuwar burodi ta zauna awa guda, wanda Jipar ta rubuta a jadawali da sunan aikin hannu. Ashe aikin hannun da ake yi ke nan.

"Daga yau kin daina zuwa," in ji ta. "Wuce ki ƙarasa lissafinki."

Da la'asar tana tsaye a tsakar gida tana juya tuffa da sukari a babbar tukunya don ajiyar hunturu, sai ga Burul ta shigo ta ɓarakar shinge tana dogara sanda. 'Yar tsamurmurar tsohuwa ce, amma bakinta ya fi jikinta nauyi.

"Malama, na ji an kori ɗalibata."

"Zauna, apa, in zuba miki shayi."

"Zan sha, amma saki fuskar tukuna, kada ya shaƙe ni."

Jipar ba ta saki ba. "Fisabilillahi, apa, yarinya 'yar shekara sha ɗaya ki ɗora mata kukan mutuwa? Kina nan da ranki? Jawo wa kanki kike ko jawo mana?"

"Ba sai an jawo ta ba, ta san hanya. Sau biyu tana zuwa gidana." Ta zauna a kan kututture ta ɗora haɓa a kan sanda. "Wa gare ni? Ɗana Talant namiji ne, in ya taso daga Mosko sai dai ya tsaya a waje ya yi ihu. Matarsa kuwa ko sunan kakarta ba ta sani ba."

"Ai akwai masu yi a ƙauye."

"Salkin? Wadda ke yi wa kowa waƙa ɗaya ta canza suna? Ranar da Asan makiyayi ya rasu cewa ta yi dawakansa sun cika kwari. Mutumin da jaki ɗaya ya mallaka, shi ma gurgu."

Dariya ta kusa kufce wa Jipar, ta mayar da ita ta ci gaba da juya tukunya.

"Mun kai rabin waƙar," in ji Burul. "Ƙuruciyata mun gama, aurena mun gama. Saura wurin Kenje."

Jipar ta san an taɓa yin wata Kenje, 'yar Burul da ta rasu tun kafin a haifi ita Jipar ɗin, iyakar saninta ke nan. Tsohuwar ta kafa wa wutar murhu ido ta soma magana kamar mai faɗin farashin gishiri.

"Shekararta tara. Zazzaɓi ya kama ta a shekarar babbar ƙanƙara, ubanta yana can da tumaki, doki ya kasa ratsawa. Na goya ta na kama hanyar ƙauye da ƙafa. Jan takalmin ulu ne a ƙafarta, ni na ɗinka mata, yana ta bugun cinyata. Mun kai gindin itacen nan na bakin mashigi, sai na ji ya daina bugu. Na sani, Jipar. A nan na sani. Amma ban sauke ta ba. Na ci gaba da tafiya ina yi mata hira, ina ce mata ga hayaƙin ƙauye can. Da na isa na yi wa likita ƙarya, na ce a ƙofarsa ta cika. Haka na gaya wa ubanta, haka ya mutu yana sani." Ta goge baki da gefen ɗankwali. "Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da wannan. Ina so a faɗe shi a kaina sau ɗaya, a gaban mutane, a ambaci sunanta tare da nawa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Tukunya ta soma kamu, Jipar ta janye itace. Tausayi ya kama ta, amma akwai abin da ya fi tausayin ƙarfi. Ranar da tata uwar ta rasu an zaunar da ita gaban bangon tanti, tana 'yar jami'a, ta buɗe baki ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Ta ji gwaggonninta suna raɗa cewa boko ya cinye mata harshe. Tun daga ranar ta tsani koshok, kuma ba ta son 'yarta ta san wurin zaman nan.

"Bayan jarrabawa, apa. Kwana goma ne kawai."

"Kwana goma." Burul ta jinjina kai, ta miƙe da ƙyar. "To, Allah ya kai mu. Ki ƙara sukari, tuffar bana tsami gare ta."

Da Mederbek ya dawo daga yankan ciyawa ya ji labari, ya ce, "Haba Jipar, awa ɗaya ce fa. Ki bar yarinya ta je mana."

"Kai ka ji da laujenka, ni in ji da allona."

"Ni dai laujena ba ya hana ni gaida maƙwabta."

Ta yi masa wani kallo, ya mayar da hankali kan miyarsa. Kwana biyar ita da kanta take kai burodin, ta miƙa daga bakin ƙofa ta ce tana sauri. Akilai kuwa ta zauna ta raba lambobi har ta gaji, ba ta yi gardama ba, sai dai ta daina surutu a wurin cin abinci.

Rana ta shida sun gama shayi, Mederbek ya saɓa lauje ya fita, suka zauna jiran hayaƙi. Rana ta haye kan dutse. Jipar ta duba agogo, ta sake goge teburin da ta riga ta goge.

"Ƙila ta makara," in ji ta.

"Burul apa ba ta makara," in ji Akilai.

Can suka jiyo saniyar tsohuwar tana kuka irin na wadda ba a tatsa ba. Jipar ta ce wa yarinyar ta zauna, ta bi ta ɓarakar shinge da sassarfa. Ƙofa a sakaye take. Burul tana kwance a gefen dama, ta ɗaura sabon farin ɗankwali, ta jera ƙirare a murhu da ashana a kai, shirin safiyar da ba ta gani ba. Jipar ta taɓa hannunta ta ji shi sanyi ƙalau. Ta yi salati, ta zauna a ƙasa, abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne saura kwana huɗu kacal.

Aka kafa tantin ulu a ƙofar gidan, aka yanka doki, mutanen ƙauye suka yi ta tahowa a kan dawakai da bayan babbar mota. Rana ta uku Talant ya iso, tun daga nesa yake ihu yana kiran uwarsa, maza suka tare shi a waje. A cikin tanti an shimfiɗe Burul bayan labule, mata sun zauna sun kewaye, wurin 'ya kuwa, can gaban bango, babu kowa. Matar Talant tana gefe tana murza yatsu. Salkin ta gyara zama ta yi gyaran murya.

Akilai ta tashi daga kusa da uwarta. Ta tsaya tana kallonta. Jipar ta ji idon matan nan duka a kanta. Ta cire ɗankwalin da ke kafaɗarta ta ɗaura wa yarinyar, ta ce, "Je ki."

Yarinyar ta durƙusa gaban bango, ta ɗora hannu a ƙugu, ta fara. Ta ambaci kwarin da aka haifi Burul da sunan ubanta, da yadda ta yi kiwon 'yan raguna ba takalmi. Ta ambaci ranar da aka kawo ta gidan miji a kan farar goɗiya, ta faɗo a rafi, ta fito tana zagin goɗiyar. Tsofaffi suka yi dariya cikin hawaye, wata ta ce, "Wallahi haka aka yi, ina wurin." Ta kai inda aka haifi Talant, ta kai inda aka haifi 'ya mace, sai muryar ta tsaya. Ta maimaita baitin ƙarshe, ta sake tsayawa.

Ta waiwayo, fuska sharkaf. "Nan muka tsaya, apa."

A hankali ta faɗa, ba da niyyar zargi ba, amma Jipar ta ji maganar har cikin ƙashinta. Salkin ta ja numfashi za ta karɓa. Kafin ta buɗe baki Jipar ta riga ta ratsa matan ta durƙusa kusa da 'yarta, gaban bangon da ta rantse ba za ta sake fuskanta ba.

Ba ta iya rerawa ba, ba ta ma gwada ba. Da muryar da take yin shifta ta fara, kalma bayan kalma.

"Sunan 'yar Kenje. Shekararta tara. Burul ta goya ta cikin ƙanƙara, da jan takalmin da ta ɗinka mata. A gindin itacen mashigi takalmin ya daina bugu. Burul ta sani. Ba ta sauke ta ba. Ta ci gaba da tafiya tana yi mata hira har ƙauye, tana nuna mata hayaƙi. Ba ta gaya wa kowa ba, shekara arba'in da ɗaya. Ta ce a faɗa yau. Kenje, ga uwarki nan ta iso."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Burul, ke kaɗai?" A waje ihun Talant ya yanke, sai aka jiyo wani kuka ƙasa-ƙasa, na mutumin da ya ji abin da bai taɓa sani ba. Jipar ba ta tashi ba. Ta ji kanta tana rangaji, tana cewa apa, apa, ita kanta ba ta san wacce take kira ba, uwarta ko Burul. Akilai ta kama mata gefen riga ta riƙe har maza suka shigo ɗaukar gawa.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Mederbek ne ya kai yarinyar, ya dawo ya ce ta ci, Jipar ta ce alhamdu lillahi ba tare da ta tambayi maki ba. Talant ya miƙa mata makullin gidan da igiyar saniya ya koma Mosko. Aka naɗe tanti, ya bar da'irar ciyawa a kwance.

Ranar Alhamis akan soya 'yar fulawa a gidan mamaci don ƙamshin mai ya tashi, a yi masa addu'a, kuma aikin 'ya ne. Jipar ta ɗauki kwanon ƙullu da sassafe ta bi ta ɓarakar shinge. Ƙiraren suna nan a murhu yadda Burul ta jera su, da ashanar a kai. Ta ƙyasta, ta durƙusa ta hura har wuta ta kama, ta ɗora mai.

Ta 'yar tagar ɗakin tana hango tsakar gidanta. Akilai na zaune a tebur ita kaɗai, littafi a rufe, ta yi tagumi. Can ta ɗaga kai ta dubi rufin gidan Burul, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ture kofin shayi gefe, ta buɗe littafin.