Faɗin Makara

Yana cikin shafa jan fenti a jikin bulon, Goggo Rabi'atu ta sa sandarta ta ɗage labulen zaure. Ni ina bakin ƙofata da tsintsiya a hannu, don katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata.

"Ɗan nan, wa ya aiko ka ka yi wa bangona lalle?"

Mutumin ya juyo, fenti yana ɗiga daga burushinsa. "Goggo, daga ofishin tsara gari muke. Ginin nan ya shigo hanya, sai an dakata."

"Wace hanya? Dakalin mijina ne a nan tun uwarka ba ta yi haƙori ba."

Ya yi murmushin da suke yi wa tsofaffi, ya ƙarasa zanensa. Ya ce idan ana so a ci gaba, sai a nemi izini na musamman. Akwai kwamiti da ke zama, yana iya ɗaga wa mutum ƙafa idan akwai lalura kuma maƙwabta sun yarda. Ya rufe gwangwaninsa ya tafi, ko sannu bai ce mata ba.

Lalura kuwa akwai ta. Tun da hawan jini ya taɓa wa Goggo ƙafar hagu take jan ta, ga banɗakin gidan yana can ƙuryar tsakar gida. A daminar da ta wuce ta zame a hanyarsa, ni na tsallako na ɗaga ta daga cikin taɓo, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi min laifi. Shi ya sa ɗanta Badaru, tela ne a Wunti, ya rushe tsohon dakalin ƙofar gida ya fara yi mata ɗan ɗaki mai banɗaki a ciki. Ginin ya zarce inda dakalin yake da taki ɗaya. Wannan takin shi ne laifin.

Lungunmu a Ƙofar Dumi mafitarsa ɗaya ce. Ta ciki ya toshe da bangon makarantar allo, ta waje kuma sai ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu kafin ya faɗa titi. A kan wannan kwanar akwai tsofaffin shaguna na masu ɗinki da mai gyaran rediyo. A watan da aka yi wa Goggo jan fenti, wani Alhaji Fakhruddeen ya saye su gaba ɗaya, zai rushe ya gina filaza mai hawa uku. Shi ma zanen gininsa ya ciyo bakin lungu, kuma ba taki ɗaya ba. Saboda haka shi ma yana neman irin wannan izini, yana neman yardar maƙwabta.

Ranar da aka zo neman yardar, bayan la'asar, mai unguwa Bappa Jalo ya tara mazan lungu. Mu mata ba a kira mu ba. Ashe lungun na maza ne, mu ta sama muke fita. Injiniyan Alhaji ya kafa turaku ya ɗaure igiya, ya nuna inda sabon bango zai tsaya. Aka ce a gwada a gani ko abin da ya rage ya isa hanya. Sai aka kira Auwalu ɗan acaba, ya ɗauki wani ƙato a baya da buhun gawayi a cinya, ya bi tsakanin igiya da katanga ya sha kwana ya fita titi. Ya dawo ya sake yi yana danna hon. Maza suka yi ta gyaɗa kai.

"To, ai gani ya kori ji," in ji Bappa Jalo. "In dai mashin da kaya zai wuce, hanya ta wadatar."

Goggo ta riga ta sa na fito mata da kujera ƙofar gida. Daga nan ta ɗaga murya.

"Bappa, ku ɗauko makara a masallaci ku gwada da ita."

 Wani ya yi a'uziyya, wani ya tofar da yawu gefe.

"Haba Goggo," in ji Bappa Jalo. "Ana zaune lafiya a ɗauko makara ba gawa? Wa kike so ta kira?"

"Ba ta kiran kowa, jira take yi. Da aka fitar da Hammajoda mijina, mutum huɗu ne kafaɗa da kafaɗa, a miƙe suka sha kwanar nan. Ku gwada kawai, ko tsani ne mai tsawonta ku ɗauko."

"Tsufa ne," wani ya faɗa ƙasa-ƙasa, aka yi dariya.

Alhaji Fakhruddeen, mutum ne mai laushin baki, ya matso ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Allah ya ja da ranta, ai ita ce za ta sa wa ginin albarka. Sannan ya miƙe ya sanar cewa zai fito da famfon burtsatse ta jikin bangon don mutanen lungu, zai kuma sa wa masallaci tayil. Daga jin famfo da tayil, maganar makara ta bi iska. Waɗannan mazan da suke tsoron makara ba kowa a kanta, su ne suke tsallake kwata da dare ba bisimilla, amma ranar nan kowa ya zama mai tsantseni. Duk suka yarda. Badaru ma ya yarda, don an ce masa idan ya ƙi na Alhaji, su ma za su ƙi na uwarsa.

Rana ɗaya kwamitin ya zauna a kan buƙatun biyu. Badaru ya dawo da yamma ya zauna a kan bulon da ya rage, bai ko cire hularsa ba.

"Yaya Juwairiyya, sun hana."

"Sun ce me?"

"Wai lungu hanyar gaggawa ce, ko tafin hannu ba a taɓawa."

"Na Alhaji fa?"

"An ba shi. Wai wannan ci gaban kasuwanci ne, amfanin jama'a."

 Wato takin gurguwa shi ne zai tare gaggawa, amma ginin da zai cinye rabin kwana shi ne ci gaba. Na faɗi maganganu a ranar waɗanda ba zan maimaita ba, har mijina ya leƙo ya ce in shigo gida haka nan. Ban shiga ba sai da na gama.

Gini ya tashi kamar ana hura shi. A daidai kwanar suka kafa wani ƙaton ginshiƙi na kankare, da guntun rodi da ya leƙo daga jikinsa ba wanda ya damu ya yanke. Da, keke mai ƙafa uku yana shigowa har ƙofar Goggo ya kai ta asibiti ganin likitan hawan jini. Yanzu sai ya tsaya a titi. Karon farko Badaru ya goya ta a baya ya fita da ita, leburori suna kallo daga saman bene, zaninta yana zamewa ina biye ina gyara mata. Da suka dawo ta ce ita da asibiti sai dai a lahira in akwai shi a can.

"Goggo, magani fa?"

"A sayo a kemis. Ba za a sake goya ni a gaban 'ya'yan mutane ba."

Haka aka yi ta lallaɓawa. Ƙafa ta ƙara nauyi, hannu ya bi. Ta bar zuwa banɗakin ƙurya, sai fo a ɗaki, ita da ta fi kowa tsafta a lungun nan. Kullum da safe nakan shiga in gyara ta kafin matar Badaru ta gama da yara. Ɗakin da aka fara mata yana nan ba rufi, awaki sun mai da shi wurin kwana.

Wata safiya ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta riƙe min wuyan hannu da hannunta mai lafiya.

"Juwai, kin bi ta kwanar nan yau?"

"Na bi, Goggo."

"Za ta juya?"

Na san abin da take tambaya. Na ce mata ta bar wannan zancen, tana da sauran shan ruwa.

"Ke ma kin koma irinsu? Ki ji ni. Ta lungun nan aka kawo ni, ta nan aka fitar da Hammajoda. Ni ma ta nan nake so, a miƙe, kamar kowa. Kar ki bari a tsallakar da ni ta katanga kamar ɓarauniya."

Na ce mata to. Me zan ce?

Ranar wata Talata da hantsi ta cika, bayan an ɗauke ruwan sama. Ta sha kunu kaɗan, ta ce a buɗe mata taga, matar Badaru ta juya ta buɗe, kafin ta waiwayo an gama. Ni da wasu dattawan mata biyu muka yi mata wanka, muka sa ta a likkafani, muka naɗe ta a sabuwar tabarmar kaba. Fuskarta ta yi kyau, duk yamutsewar ciwon ta saki.

Tun wajen shigo da makara magana ta fito. Ina leƙe ta zaure na ga samari sun karkata ta, sun ɗaga ta a gicciye sama da kawunansu kafin ta wuce ginshiƙin. Na ga Bappa Jalo ya kawar da kai.

Aka ɗora ta, mutum huɗu suka ɗauka, Badaru da Auwalu a gaba. Za a yi sallar a bakin titi gaban masallaci, jama'a sun cika can suna jira. Mu mata muna ƙofar gida muna bin ta da ido. Suka isa kwanar, kan makarar ya daki katanga, ƙafarta ta tokare ginshiƙi. Suka ja da baya suka sake gwadawa. Suka ɗaga ta sama, rumfar benen ta tare. Suka sauke ƙasa-ƙasa, bai canza komai ba. Aka yi ta gaba da baya da Goggo kamar direba yana neman fita daga tasha, ana "matsa hagu," ana "ɗan ja," har likkafanin ya fara zamewa gefe ɗaya.

Sai na ji wani yana cewa a dawo da ita, a bi ta gidan Juwairiyya, a miƙa ta ta katangar baya zuwa ɗaya lungun.

Ban san lokacin da na fito ba. Mace ba ta bin gawa, na sani, kuma ban taɓa tsayawa cikin maza ba mayafi a kafaɗa sai ranar. Na tafi har inda Bappa Jalo yake.

"Ba ta gidana ba, Bappa. Ta ce kar a tsallakar da ita."

"Juwairiyya, ki ji tsoron Allah, gawa ce a hannu. To ya kike so a yi?"

"Ku ɗora ta a mashin ɗin Auwalu. Ai da shi kuka auna."

Mijina ya kira sunana da ƙarfi. Auwalu ya sunkuyar da kai, makarar tana kafaɗarsa. Ba shi na nufa ba, amma ban janye ba, kuma har yau ban janye ba. 

Badaru ne ya ce a sauke. Suka ajiye makarar a ƙasa cikin jiƙaƙƙen lungu. Ya sa hannu ya ɗauki kan uwarsa, Auwalu ya riƙe tsakiya, wani ya kama ƙafafu. Suka fitar da ita a cikin tabarma, hannu da hannu, suka lanƙwasa ta a kwanar kafin ta wuce. Gefen tabarmar ya kama a guntun rodin nan, aka ja, ya yage. Sannan aka karkato makarar ba kowa a kanta aka bi ta da ita, aka sake ɗora ta a titi.

Ta lungunta ta fita, amma ba a miƙe ba. Na koma ɗakinta na zauna a bakin gado na yi kuka, rabinsa na rashi, rabinsa na baƙin ciki.

Alhaji Fakhruddeen ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, ya ce Goggo uwa ce gare shi. Famfon da ya yi alkawari an fito da shi, yana ba da ruwa ranar da mai gadi ya ga dama. Ba wanda ya sake tayar da maganar kwanar, har Badaru. In na tayar sai a ce ihu bayan hari nake yi, kamar ba a yi ihun kafin harin ba.

Bayan an share makoki, wata safiya na fito da bokiti zan duba ko famfon ya kawo. Lungun ba kowa, yara sun tafi makaranta. Ruwan sama ya wanke jan fentin bangon Goggo ya gangaro har ƙasa, wata akuya tana kwance a cikin ɗakin da ba a ƙarasa ba tana tuƙa.

A kwanar na hango Bappa Jalo shi kaɗai. Yanzu shi ne mafi tsufa a lungun. Ya jingine sandarsa, ya tsaya tsakanin ginshiƙin da katanga, ya buɗe hannuwansa a hankali. Tafukansa suka taɓa bango biyun tun gwiwoyin hannunsa ba su miƙe ba. Ya daɗe a haka bai san ina kallonsa ba. Kusa da kafaɗarsa, guntun kabar tabarmar yana nan maƙale a jikin rodin, iska tana kaɗa shi.