Yatsa Huɗu Ƙasa da Murfi

Tun da gwiwoyi suka kayar da tsohon manomin, 'yarsa ta ɗauko shi zuwa gidanta a hawa na uku. Jakarsa na bayan ƙofa a ɗaure. Ya ce wata na ƙarewa zai tafi, shi ba ya zama inda ba shi da aiki sai cin abinci.

A baranda 'yar tana da bokitai shida, kowanne da murfi mai huji, latas na tsaye a cikin hujin. Babu ƙasa ko ta cikin cokali, ruwa ne da garin taki da take aunawa.

"Wasan yara," in ji shi.

Da asibitin da take aiki suka tura ta kwas na kwana goma, ta ce, "Baba, ka duba mini su. Kada dai ruwan ya ƙare."

"Uwata, ni za ki koya wa ban ruwa?"

Kullum da safe sai ya cika kowane bokiti har baki. Manomi ba ya rowar ruwa. A kwana na huɗu ganye ya langaɓe. Ya ƙara ruwa. A na biyar biyu suka kwanta.

Ya ɗaga murfi. Wari ya buge shi, kuma ya san warin: na gona ne idan ruwa ya kwana uku a kanta. Saiwoyin sun yi ja, suna yauƙi. Nutsewa suka yi, shi ya nutsar da su.

Shekara hamsin yana noma, bai taɓa ganin saiwa ba sai wadda ya tuge. Yau ga ta a hannunsa da sauran rai.

Ya kwance jakar ya ciro wuƙarsa. Ya yanke abin da ya ruɓe, ya ɗauraye sauran, ya sake ruwa da taki. Ya auna da hannu, ya bar ruwan yatsa huɗu ƙasa da murfi don saiwoyin su sha iska.

Da 'yar ta dawo, ta ƙirga huɗu a tsaye. Ta ɗaga murfi, ga sababbin saiwoyi farare kamar zare.

"Baba, ina biyun?"

"Na kashe su."

"Waɗannan fa? Ai ko a hannuna ba su yi fari haka ba. Wa ya ce maka a bar musu iska?"

"Wa zai ce mini? Saiwa saiwa ce."

Ta ga jakar a kwance, kayan a jere cikin kwaba. Ta danne dariya.

"To, wasan yaran fa?"

"Sayo bokiti huɗu," in ji shi. "Da irin tumatir. Latas ba shuka ba ce."