Rariyar da Ba a Wanke Ba

"Ku wanke rariyar," in ji Mai Zane, lokacin da mijina da mai shagon bakin layi suke ƙoƙarin cusa shi cikin mota. Bakinsa ya karkace gefe guda, maganar da ƙyar take fita. "Wani ya koma... ya sa mata ruwa."

"Ku ji mini mutumin nan!" in ji matarsa, tana kuka tana faɗa lokaci ɗaya. "Ana ta ranka kana ta rariya? Rariyar banza da wofi!"

Ta koma da gudu ta ja ƙofar ɗakin aikinsa, ta danna kwaɗo, ta jefa makullin cikin jaka. Ni kuwa ina tsaye da takalminsa ƙafa ɗaya a hannuna har motar ta sha kwana.

Ni tela ce, bango ɗaya ya raba kekena da teburinsa. Shekara da shekaru muna faɗa a kan igiyar shanya, don in ya buga fostocinsa sai ya mamaye igiyar gidan kaf da takardu, ni in rasa inda zan rataya ko ɗankwali. Tun yana saurayi yake yi wa mujallu zanen bango, amma abin da ya fi so shi ne fostocin nan da yake bugawa da hannu. Abin da yake kira rariya wani firam ne na katako da aka ɗaure wa yadi mai ƙananan huji. A kan yadin yake zane da buroshi, ya toshe inda ba ya son tawada ta bi, ya ɗora a kan takarda, ya ja tawadar da faffaɗar roba daga sama zuwa ƙasa. Kowane launi da rariyarsa, kuma baƙi ne na ƙarshe, shi ke fito da ido da hanci da baki. 'Yan kaɗan yake bugawa, ya sa hannu da fensir, shi ke nan. Ko za ka yi birgima a ƙasa ba zai ƙara ko ɗaya ba.

Ya zana rabin garin nan, daga masu dako har 'yan ƙwallo, amma bai taɓa zana matarsa ba. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni. Takan yi masa gori a gabana.

"Har akuyar mutane ta shiga mujalla, ni ko oho."

"Ke ba ki zama wuri ɗaya," yakan ce. "Sai kin tsufa kin natsu."

"To ai ga furfura, me kake jira?"

Sai ya yi dariya ya koma ɗaki. Ita ma takan yi dariyar, amma ni da nake auna ta na san abin yana ci mata rai.

'Yan makonni kafin ya faɗi, ya leƙo ɗakina yana waige-waige kamar wanda ya saci nama.

"Maƙwabciya, koren yadin nan da kika ɗinka wa mutuniyar, akwai saura?"

"Me za ka yi da ƙyalle, kai da ba ka iya sa maɓalli ba?"

"Launin nake so in haɗa. Zo ki gani, amma ki riƙe bakinki, in za ki iya."

Layinmu ne ya zana. Ga mai shago da faɗin cikinsa, ga motar mijina, ga ni a bakin taga. Can ƙasa kuma, ta fi kowa girma, wata mace ce tsaye a ƙofar gida ta riƙe ƙugu. Duk ba fuska tukuna, sai launin tufafi da na bango.

"Ai ta gaji da jira," in ji shi. "Fuskar tana kan rariyar ƙarshe. Sau nawa na goge na sake, Allah kaɗai ya sani. Yanzu dai ta fito."

"Mu gani."

"A'a. Ita za ta fara gani."

Ranar da ya faɗi, ya zuba baƙar tawadar a rariyar ƙarshen nan, yana kan buga takardar farko. Abin da ba wanda ya sani a cikinmu shi ne, tawadar in ta kwanta a rariya ba a wanke ba, kafin a yi nisa ta bushe ta toshe hujin, ba ta sake fita. Shi da kansa yake wanke kayansa a bayan gida, mu dai mun saba ganin baƙin ruwa yana bin kwata, ba mu taɓa tambaya ba.

Sai da autarsa ta iso daga garin da take aiki aka buɗe ɗakin. Na bi ta ciki. Robar tana nan a tsakiyar rariyar inda hannunsa ya sake ta, tawadar ta malale ta rufe rabin ƙasa, ta daskare kamar kwalta. Takardar kuma ta manne a bayanta. Yarinyar ta ɓamɓare ta a hankali, rabin sama ya fito lafiya, ga mai shago yana murmushi, ga ni da gashin girana a haɗe, ko kunyata bai ji ba. Rabin ƙasa ya yage ya zauna jikin yadin. Ta kai rariyar bakin famfo ta yi ta zuba wa tawadar ruwa, ta sa sabulu, ko gezau.

"Anti, ba shi da wani kwafin?" ta tambaye ni.

Muka birkita ɗakin, babu. A kan yadin kai tsaye yake yin zanen baƙin launi, wai takarda tana kashe masa hannu.

A asibiti, da bakinsa ya ɗan sake, abin da ya fara tambaya ke nan. Ina zaune a ƙarshen gado, Yaya tana ba shi ruwa da cokali.

"An wanke?"

"An wanke," in ji ta. "Ni da kaina na wanke. Ka kwantar da hankalinka."

Ya miƙa hannunsa mai lafiyar ya kama nata, ya juya shi, ya duba farcenta ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya wanke baƙar tawadar nan sai ta yi kwanaki a ƙarƙashin farcensa, nasa ma har lokacin ba su washe ba. Nata kuwa fes. Ya daɗe yana kallon fuskarta, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba sai abin da zai zana, yatsansa yana ɗan motsi a kan zanen gado.

"Da kin gani," ya ce.

"In ga me?"

Ya kalle ni. Na buɗe baki, ya girgiza kai. Ina jin har lokacin yana sa ran zai tashi ya sake zanawa. Bai tashi ba. Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, autar ta fita sayo magani, ya cika. Na yi kuka fiye da yadda na zata zan yi wa mutumin da ya hana ni shanya.

Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, na iske Yaya a ɗakin aikin tana tattara fostocin da ba su da fuska, za ta ɗaure su. Na zaro ɗaya na shimfiɗa a tebur.

"Yaya, dubi matar nan ta ƙasa."

"Na gan ta. Wata ce kuma daga cikin mutanensa."

"Dubi rigar dai."

Ta duba koren, ta duba yadda matar ta riƙe ƙugu, ta duba ƙofar gidan. Sai ta nemi kujera ta zauna. Na faɗa mata komai, har zancen ƙyallen.

"Fuskar fa?" ta ce.

Na nuna mata rariyar da ke jingine a bango.

"Ita yake cewa a wanke."

"Ita."

"Ni kuma na sa kwaɗo."

"Yaya, ba ki sani ba. Ba wanda ya sani."

Ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗora rariyar a cinyarta, ta kife ta yadda yagaggiyar takardar ke sama. Ta tsoma yatsa a ruwa ta fara murza takardar a hankali, takardar tana naɗewa tana zubowa kan zanenta ƙanana-ƙanana. Na ce mata yadin ba shi da ƙwari, zai iya ɓulewa. Ta ce ta ji.

Na koma ɗakina na zauna gaban keke, ban taka ba. Da la'asar na leƙa ta taga. Ta matso da kujerar kusa da haske, ruwan kofin ya yi toka-toka, wurin da ta share bai wuce tafin hannun jariri ba. Ta ɗaga firam ɗin tana dubawa, ta karkata shi dama, ta karkata hagu, sannan ta sauke ta sake tsoma yatsa.