Wa Ke Juya Mama Rebecca?

Shekara shida Gladys ta yi tana uwar Zumuntar Mata a cocinsu da ke Zuru, kuma ba ta taɓa shakkar aikinta ba. Mata arba'in ne a ƙarƙashinta. Duk taron da suka shiga da zanensu iri ɗaya, sai an ba su waƙar buɗewa.

A ƙarshen damina Mama Rebecca, ɗaya daga cikin tsofaffin da suka kafa zumuntar, ta zame a kan dutse a gonarta ta Dabai, ƙugunta ya karye. Ɗanta ɗaya ne, Mika, soja, yana can gabas ba a ba shi hutu ba. Gladys ta kwashi mata ashirin suka je dubiya. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka ajiye sabulu da sukari, suka dawo. A ranta an gama.

Bayan mako biyar ta koma Dabai sayen gero, ta ce bari ta leƙa. A tsakar gida ta tarar da wata mata da hijabi a naɗe a ƙugu tana dirzar zannuwan gado. Sunanta Rufaida, maƙwabciya ce, 'yan bindiga suka koro su daga wani ƙauyen Wasagu.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Mama tana ciki?"

"Tana ciki. Ki shiga, yanzu nake son in juya ta."

Tsohuwar ta rame, amma ta yi murna. "Uwar zumunta! Waƙar nan da kuka yi mini, har yau tana kunnena."

"Mama, wa ke kula da ke?"

"Maman Khairat mana, wadda kika tarar tana wanki. Safe da yamma. Ita ke wanke ni, ita ke kwashe fo."

Babu zargi a muryarta, abin da ya fi yi wa Gladys ciwo ke nan. Rufaida ta shigo ta ce Gladys ta kama mata kafaɗar tsohuwar. Da aka ɗaga mayafi wari ya bugi Gladys, ta ja da baya taku ɗaya. Rufaida ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ki sa hannu nan, ƙarƙashin haƙarƙari. Kar ki ja ƙafar."

Gladys ta ajiye jakarta ta kama. Ba ta sayi geron ba ranar.

Ranar Alhamis a taron zumunta ta hana a fara kiɗa. Ta ba su labarin duka, har da ja da bayan da ta yi.

"'Yan'uwa, ina son mu tambayi kanmu. Abin da muke rerawa, shi muke yi?"

Hannah magatakarda ta miƙe. "Uwa, mun je fa. Mun yi addu'a. Ko addu'a ba komai ba ce? Kowa nan da nata nauyin, ni kaina yara biyar nake ciyarwa."

"Addu'a komai ce, Hannah, ba zan daina ba. Amma Maman Khairat ma yara huɗu gare ta, a ɗakin aro take, kuma ba ta taɓa alkawari a gaban bagade cewa za ta ƙaunaci Mama Rebecca ba. Mu muka yi. Ban zo in kunyata kowa ba, ni ce na fara faɗuwa. Ina dai da tabbacin cewa abin da muka gaskata gaskiya ne. Mu ne muka tsaya a bakin ƙofarsa. Ni na ɗauki Talata. Wa zai ɗauki Laraba?"

Wata ta ce Dabai da nisa. Wata ta ce ai aikin dangi ne. Daga baya hannu goma sha ɗaya suka tashi. Cikinsu bakwai ne suka riƙe amana, sauran suka sulale. Gladys ba ta bi kowa da gori ba, ta raba kwanakin tsakanin waɗanda suka rage.

A mako na uku Hannah ta bayyana a Dabai ba tare da ta gaya wa kowa ba, da mijinta da lauje biyu. Suka yanke dawar tsohuwar da ta fara zubewa, suka ɗaure damma, suka zuba a rumbu.

Rufaida ce ta koya wa kowacce yadda ake juyi da yadda ake shafa man kaɗe a baya don kar gyambo ya fito. Da ta ga hannu ya yi yawa, sai ta samu Gladys a bakin rijiya.

"Yaya, tun da muka gudo ban ga mahaifiyata ba. Tana Ribah. In na yi kwana huɗu, za ku iya?"

"Ki yi mako guda," in ji Gladys. "Ki kawo yaran gidana, akwai wuri."

Ranar Asabar da hantsi Gladys ta raka ta tasha, ta jira har mota ta cika ta tashi.