Gurbin da Zamfir Ya Ɓoye

Tun yana saurayi Zamfir ke ɓoye gurbin da yake kama morun, ƙaton kifin nan na kogin Danube. Ko matarsa ba ta san wurin ba. Da kifin ya kusa ƙarewa aka hana kamunsa, sannan aka raba wa tsoffin masunta 'ya'yan morun a bokiti su saka a ruwa.

Zamfir ya tuƙa kwalekwalensa kai tsaye zuwa gurbin. Costache, abokin hamayyarsa, na biye da shi.

"Kai, tsohon banza!" in ji Costache. "Ashe a ƙofar gidana yake?"

"Kalla ka more," Zamfir ya ce yana juye bokitin a hankali. "Kafin su girma, daga ni har kai muna kwance a bayan coci."