Ƙwaya Cikin Loma

Na'Allah manomin albasa ne a Mandera, amma taurin kansa ya fi albasarsa suna. Da ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti suka ce zuciya ce, suka ba shi ƙwayoyi. Ya rantse ba mai sa shi ya sha.

Matarsa Atika ba ta tsaya gardama ba. Ta san tuwo haɗiye shi ake yi. Sai ta riƙa cusa ƙwayar cikin loma, ta dulmiya a miyar kukar da ta kaɗa da kauri har ludayi na tsayawa, ta kai masa baki da hannunta, wai ai ba shi da ƙarfi. Ya haɗiye. Ita kuwa har tafiyarta ta canja don jin daɗin dabara.

Kumburi dai bai sauka ba. Tsoro ya kama ta, ta hau mota sai asibitin Shagari. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ɗakin magani wayam. Jamilatu, mai ba da magani, ta tambaye ta, "Inna, da mi shika shan shi?"

Atika ta zayyana dabararta tana murmushi. Jamilatu ta girgiza kai.

"Yauƙi mai kauri haka na iya riƙe magani, jiki bai samu duka ba. Ki ba shi da ruwa zalla tun da sahe, abinci shi biyo baya da nisa. Kuma Inna, wanda ag gare ki shi na na ƙarshe. Ba mu san randa za a kawo wani ba."

Kunya ta rufe Atika, sannan haushi ya biyo. Washegari ta dire moɗar ruwa gaban mijinta.

"Malam, na yaudare ka. Duk lomar da nib ba ka, da magani ciki."

"Na sani," in ji shi. "Tun da munka yi aure, yaushe kinka taɓa ba ni tuwo mai tsakuwa?"

"To mi hana ka hwaɗi?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro nika ji ƙwayar ta maƙale min ga wuya. In ta hannunki tab biyo, ban jin tsoro."

Atika ta zauna dab da shi. Ta ɗora ƙwayar a tafinta, ta kai masa baki, ɗaya hannun riƙe da moɗa.

"To ga hannun, Malam."

Ya haɗiye, ya yi tari, idanunsa suka kawo ruwa. Ƙwaya ta wuce.

"Gobe ma haka," ta ce.